Ƙarƙashin Dandali

Ɗakina yana ƙarƙashin dandali,
taga ɗaya gare shi, ita ma ƙanƙara ta like ta tun Nuwamba.
Shekara ashirin da shida ina jin ofera daga ƙasa:
sawu kafin murya,
kukan katako kafin goge.
In sarauniya ta faɗi matacciya a sama,
ni ƙura ke zubo wa cikin shayi.

Wasa uku muka ɗauko bana
da kuɗin biyu da rabi.
Nan gabashin Finlan ne, bakin tafki,
ba mu da attajirin da zai cike gurbin,
sai na farke labulen bara na fitar da alkyabba shida.

'Yan amshinmu ba na haya ba ne.
Akwai Sirkka mai kantin magani,
Tarmo direban bas mai lamba huɗu,
tagwayen gidan burodi da ke zuwa gwaji da fulawa a gira,
da Fasto Ilmari, mai riga kowa shiga baiti
kamar wanda za a rufe wa ƙofa.
Na san ƙugun kowa.
Na san wadda ta rame bana, na san dalili.
Tef ɗin awo ba ya tsegumi, ni ma haka.

Na farko da Italiyanci aka yi shi,
aka mutu, aka tashi, aka rusuna, aka tafa.
Na biyu na yara ne, muka loda shi a babbar mota,
ƙauye tara cikin duhun Janairu,
rana na leƙowa kamar mai bin bashi ta juya.
A wata makaranta yarinya ta kama wutsiyar dila
ta ƙi saki sai an faɗa mata gaskiya.
Wutsiyar nan tsohuwar hular mijina ce.
Ban faɗa ba.

Na uku namu ne.
Kaisu, yarinyar da ta tsara kiɗan,
ta bi gida gida da rakoda
tana tambayar ranar da aka rufe masana'antar takarda.
Abin da bakin mutane ya faɗa, shi aka rera,
har tarin da ke tsakanin kalmomi.

Na ɗinka kayan aiki goma sha takwas.
Na jiƙa su a shayi, na goga musu dutse a gwiwa,
na ɗiga baƙin mai inda ya dace,
don tsufar ƙarya sana'ata ce, kuma na iya.
Sai ga Veikko, ɗan saba'in da huɗu,
da leda a hammata.
Ya dubi nawa, ya shafa, ya ce, "Ya yi kyau, Onerva,"
sannan ya warware nasa.
Gwiwar hagu kaɗai ta cinye,
don da ita yake durƙusa wa injin.
Aljihu ɗinkin matarsa ne, jan zare, karkatacce,
ita kuwa shekara biyar ke nan tana bayan coci.

Daren buɗewa na hau sama,
karo na farko tun da aka ɗauke ni aiki.
Layi ɗaya ne nasa, bai ma kai ƙarshensa ba.
Mai sanda ya riƙe hannu a iska.
Mutum ɗari huɗu suka yi tsit,
har ka ji bututun ɗumama ɗaki yana ƙas, ƙas.
Daga can baya wani ya ƙarasa masa,
ba da waƙa ba, da magana.

Yanzu Mayu ne, tafki ya fashe.
Majalisar gari ba ta ce komai ba kan kuɗin baɗi.
Na wanke sha bakwai, na rataye.
Nasa ya bari a kan kujerata, ba takarda, ba sallama.
Ban wanke ba tukuna.
Ina dai duban jan zaren nan,
in gane yadda ta ɗaure ƙarshensa.